Sunan Iya

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Datti da makarantar firamare, ita ma gajeriya, wadda ko akuya ta yi niyya za ta haure. Kowace safiya, daidai lokacin da Iya take baza shinkafar gumi a kan tamfol a tsakar gida, lokacin ne malamar 'yan aji ɗaya take kiran suna, tagar ajin kuwa babu ƙyaure. Da haka Iya ta haddace sunayen 'yan matan ƙauyen kaf, ita da ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba.

"Nabila. Ilham. Yasmin. Amira."

Iya takan tsaya da faifai a hannu, ta karkata kai. "Ji wani kuma," takan ce, ko da kaji ne kawai a kusa da ita. "Sunaye sai ka ce na sabulun wanka. Amma fa da daɗi a kunne, Allah ya raya su." Sai ta sunkuya ta ci gaba da baza shinkafarta.

Iya mahaifiyar Datti ce. Ta haura saba'in, amma har yanzu a ƙauyukan da ruwan Tiga yake bi ta gefensu tsakanin Bunkure da Kura, da wuya a sami mai hannunta a gumi. Ita take jiƙa shinkafarta, ta turara, ta shanya, kuma in aka kai inji a Kura tata ba ta karyewa. Ba mai ƙorafin zamani ba ce. In tsofaffi suka zauna suna tsine wa yaran yanzu, ita dariya take yi, ta ce zamani riga ne, wanda ya ƙi sawa ya tafi tsirara.

Kowa Iya yake ce mata: ɗanta, surukarta, jikokinta, masu sayen shinkafa, har liman da furfurarsa. Tana da sunan yanka mana, kamar kowa. To amma wa zai faɗa? Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, suruka kuwa ko da wuƙa a wuya ba ta kama sunan uwar miji. Mijinta, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa "ke" yake ce mata. Girmamawa ta rufe sunan ruf, kamar tsohon zane a ƙasan akwati, har yaran gidan ba su san tana da wani suna bayan Iya ba.

A kakar shekarar dubu biyu da shida, ana tsakiyar yankan shinkafa, Murja matar Datti ta sauka ranar Talata da hantsi. Mace aka samu, bayan maza biyu, Jamalu da ɗan'uwansa. Iya ce ta fara ɗaukarta, ta ɗaga ta wajen haske tana duba ta.

"To, Kande ta iso," in ji ta. "Kuma Talatu. Riba biyu."

Murja tana kwance a galabaice, amma sai da ta ɗago kai. "Iya, don Allah kada ku sa sunan nan ya bi ta."

"Wanne daga ciki?"

"Duka biyun."

Iya ta yi dariya har ana hango wushiryarta. Aka aika gona aka kira Datti. Ya iso da laka har gwiwa, ya wanke jikinsa, ya yi alwala, ya karɓi jaririyar ya yi mata huɗuba a kunne. Da ya zo wajen raɗa sunan sai ya ƙara sassauta murya, yadda ko kunnen da ke kusa ba zai kama ba. Amma Murja tana kallonsa. Ta ga inda idonsa ya je bayan ya gama: ƙofar ɗakin mahaifiyarsa. Nan take ta gane.

Ita tun kafin aure take riƙe da sunan Aziza. Ta yi tanadinsa a cikinta na fari, aka sami namiji. Ta sake tanadinsa, aka sake namiji. Wannan cikin kuwa tun yana wata biyar take shafa shi tana ce masa Aziza, kamar ta san abin da ke ciki.

Washegari bayan magariba Datti ya shigo duba mai jego da ƙunshin balangu. Ta bari ya zauna tukuna.

"Malam, da wane suna ka yi mata huɗuba?"

"Ranar suna za ki ji, kamar kowa."

"Ni ba kowa ba ce. Ni na yi naƙudar."

Ya sosa ƙeya. "Ai kin riga kin sani, Murja."

"Na Iya ne."

"Na Iya ne."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya. "Wallahi ba ƙin Iya nake ba, kai ma shaida ne. Tun da mahaifiyata ta rasu ita ce uwata. Wa yake yi mini wankan jego in ba ita ba? Amma suna linzami ne, Malam. Ka leƙa makarantar nan ta bayanmu ka nemo mini yarinya ɗaya mai irin sunan. Ko a 'yan aji shida babu. Ran da malama za ta fara kiransa, ajin gaba ɗaya zai kwashe da dariya."

"A gida ai ba mai kiranta da shi. Alkunya za a yi mata, kamar yadda aka yi mini. Ni wa yake ce mini Ibrahimu?"

"A gida ke nan. Makaranta ba ta san alkunya ba. Sunan da aka yanka wa rago shi ake kira."

Datti ya dubi ƙasa. Ba mai yawan magana ba ne, in abu ya yi masa nauyi kuwa sai maganar ta ƙara gajarcewa. "Tun ina saurayi na yi alkawari tsakanina da Allah. Babana ya rasu ina ƙarami. Da tururin tukunya matar nan ta raine ni. Ba ni da abin da zan biya ta da shi, sai wannan."

Ya tashi ya fita. Balangun ya huce a takardarsa, ba wanda ya taɓa.

Ranar Alhamis Hawwa ƙanwar Murja ta zo daga Kura. 'Yar sakandare ce mai baki kamar reza, kuma ita aka ɗora wa hidimar kofunan roba da za a raba wa mata ranar suna, waɗanda ake manna wa sitika mai ɗauke da sunan jariri. Ta zube kayanta a ɗakin mai jego tana fifita da mayafi.

"Yaya, mai buga sitika ya ce gobe ne ƙarshe in ana so a samu kafin Talata. Aziza zan ce masa, ko?"

"Dakata tukuna. Baban su Jamalu da sunan Iya ya yi mata huɗuba."

"To mene ne sunan Iyar?"

"Ke, ni ce zan faɗa?"

"To ta yaya zan sani? In duba a ƙasa?"

Murja ta leƙa tsakar gida, ba ta ga kowa ba. Ta rage murya. "Kin tuna tsohuwar nan mai ƙosai a bakin tasha, wadda muke saye a wurinta muna yara?"

Hawwa ta ɗan yi tunani, sai idonta ya buɗe. "Furera?" Ta dafe baki, amma dariyar ta fi ƙarfin hannun. "Furera, Yaya? A wannan zamanin? Jaririya sabuwa fil a ce mata Furera? Ai tun tana zanin goyo za ta fara neman goro tana ƙorafin ciwon gwiwa."

"Rufe mini baki, mara kunya," in ji Murja. Amma ita ma dariyar ta suɓuce mata, har tana riƙe ciki saboda zafin haihuwa.

Abin da su biyun suka manta shi ne 'yar tagar da ke saman gado. Bayanta ne makewayi, inda ake dafa ruwan wankan jego. Iya tana can a tsugune tana fifita wuta a ƙarƙashin duro, ga damin ganyen darbejiya a gefenta. Rabon da ta ji sunan nan a bakin mutum har ta manta. Da farko ma zabura ta yi, ta ɗauka kiranta ake yi. Sai dariyar ta biyo baya.

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarami ba. Ta daɗe da maficin a hannu ba ta motsa shi ba, har wutar ta fara ja da baya. Daga nan ta tura itace, ta jira ruwan ya tafasa, ta sirka, ta kira Murja. Ta yi mata wankan kamar kullum, ta gasa mata baya da ganyen, ta tambaye ta ko ruwan ya yi zafi da yawa. Abin da ta ji kuwa ta bar shi a ranta. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan la'asar ta yafa gyale ta kama hanyar gona. Ta bi ta gaɓar kanal, ruwan yana tafiya a hankali a gefenta. Ko'ina dammunan shinkafa ne a jibge, ga ƙarar masu bugu a jikin duro tana tashi daga kowace gona. Ita ta san wurin nan tun yana gonakin gyaɗa da gero, tun ba wanda ya yi mafarkin ruwa zai zo har nan da rani. A can inda yanzu aka yi gada, da rijiya ce. In aka ƙwala kiran Furera a bakin rijiyar nan, kai huɗu ne suke juyowa: Furera Doguwa, Furera ta gidan maƙera, Furera Baƙa, da ita, Furera Ƙarama. A lokacin shi ne sunan yayi. Mai ciki in ta ga 'yan matan sun wuce da tulu a ka, sai ta ce in Allah ya ba ta mace ita ma Furera za ta sa. Yau ukun suna ƙarƙashin ƙasa.

Datti ya hango ta ya ajiye laujensa, ya taho da sauri. "Iya, lafiya? Da kin aiko ai da na zo."

"Zauna."

Suka zauna a kan kunyar gona, ƙafafunsu a cikin karan shinkafa.

"Na ji sunan da ka raɗa wa yarinyar nan."

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnena. Ka cire shi."

"Iya…"

"Na gode, Allah ya yi maka albarka. Ladan niyyarka ya riga ya shiga. Amma ni na ci zamanina da sunana, Datti. An saka shi a waƙa a dandali, samari sun yi faɗa a kansa. Ita kuwa ɗaukarsa za ta yi kamar ƙunshin tsohuwa. Ni ma ina yarinya na yi wa sunan kakata dariya, Tabawa, har sai da aka zane ni. Kowa da ranarsa." Ta tsinci wata zangarniya da ta faɗi, ta murje a tafin hannu, ta hure. "Yarinyar nan Murja ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ba zan so ta riƙa kallon 'yarta tana jin wani abu a rai ba, kuma a ce saboda ni. Ba ta abin da take so."

"Na yi alkawari, Iya."

"Don ni ka yi, ni kuma na yafe. Ba shawara nake ba ka ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Kuma kada ka ce mata daga bakina ya fito."

Dare bai yi nisa ba Datti ya leƙa ɗakin Murja, ko zama bai yi ba. "Ki gaya wa Hawwa ta kai wa mai sitikar. Aziza." Murja ta yi murna har da hawaye. Ta ɗauka maganarta ce ta ratsa shi, har ta ɗan ji kanta ya yi girma. Da gari ya waye Hawwa ta hau acaɓa ta koma Kura.

Iya kuwa ta shiga koyon sabon suna. Bakinta ya ƙi tsayawa inda sunan ya tsaya, sai ta ƙara masa jela. "Azizatu, tashi ki sha nono. Azizatu, wannan hamma haka sai ka ce kin yi noma." Murja tana jin daɗin hakan, tana cewa a ranta lallai Allah ya ba ta suruka.

Ranar Lahadi da hantsi Murja tana zaune a ƙofar ɗakinta da jaririya a cinya, Iya tana dama mata kunun kanwa a gindin murhu, sai aka ji ƙarar sanda a zaure, da wata murya mai rawa amma mai ƙarfi.

"Salamu alaikum. Furera! Furera Ƙarama, kina nan ko kin mutu ban ji ba?"

Ludayin ya faɗa cikin ƙwarya. Murja ta zauna da matar nan shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin ta yi sauri ba, balle gudu. Yau sai ga Iya ta tsallake tamfol ɗin shinkafa, kaji suna watsewa, takalminta ɗaya ya tsaya a bakin murhu. Ta dawo riƙe da hannun wata tsohuwa 'yar firit, wadda yanar tsufa ta rufe mata ido ɗaya.

Asta ce, ƙawarta tun ta bakin rijiya, wadda aure ya kai Garun Mallam. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita shekaru, sai yanzu da ta ji labarin haihuwa ta matsa aka sa ta a mota. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, kusa da ɗakin mai jego. Asta irin mutanen nan ce da ba sa iya jimla ɗaya ba su kama sunan mutum ba.

"Furera, kin tsufa."

"Da wane idon kika gani?"

"Da mai kyan. Furera, ina haƙoranki na gefe?"

"Na ba ki aro kin ƙi dawo da su."

Murja tana shayarwa tana satar kallonsu. Duk sanda sunan ya fito, sai ta ga wani abu ya motsa a fuskar Iya, kafaɗunta su ɗan miƙe. Ba Iyar gumi ba ce a kan tabarmar nan, ba kakar su Jamalu ba ce. Wata yarinya ce mai tsiwa da Murja ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Suka yi ta tuno mutane. Doguwa ta rasu a Saudiyya. Ta gidan maƙera shekarar kwalara. Baƙa kuwa bara waccan, da azumi. Kowacce suka ambata sai su yi mata addu'a, sannan su tuno wani abin dariya da ta taɓa yi.

Aka miƙa wa Asta jaririya. Ta kawo ta dab da idonta mai gani, ta tofa mata addu'a. "Me za a sa mata?"

Kafin Murja ta buɗe baki Iya ta riga ta. "Azizatu. Sunan yayi ne, ke ba za ki sani ba, 'yar ƙauye."

"Masha Allah. Namu kuma sai su bi mu kabari." Asta ta yi dariya. "Ni an yi mini takwara a jikokina, wai Humaira ake ce mata. Sai da aka yi mini bayani na gane ni ce."

Da rana ta yi sanyi Asta ta ce za ta koma, ƙafarta ba ta son kwanan wani wuri. Iya ta ɗauko mata shinkafa a ƙulli, ta kama ta suka miƙe. A bakin zaure Asta ta tsaya tana lalubar ƙasa da sanda.

"Furera, saura ni da ke fa. In na riga ki, wa zai kira ki?"

"Mala'iku," in ji Iya. "Su ba sa alkunya."

Suka fita suna dariya. Murja ba ta yi dariya ba. Ta dubi takalmin da ke yashe a bakin murhu, ta dubi kunun da ya yi sanyi a ƙwarya.

Da Datti ya dawo daga gona ta tare shi tun bai ajiye lauje ba.

"Malam, me ya sa ka canja?"

"Ba ke kika nema ba?"

"Na nema ranar Laraba ka tashi ka bar ni. Me ya faru ranar Alhamis?"

Ya yi 'yan kame-kame, amma Datti bai iya ƙarya ba, ko ta fatar baki. "Iya ce ta same ni har gona. Ta ce in cire."

"Wa ya gaya mata?"

"Ta ce kunnenta."

Murja ta ɗaga kai a hankali ta dubi 'yar tagar da ke saman gado. Ta tuna dariyar Hawwa, ta tuna tata. Ta tuna cewa a ranar, bayan dariyar nan, hannun da ya gasa mata baya bai canja ba, har ana tambayarta ko ruwan ya yi zafi. Kunya ta lulluɓe ta, irin wadda mutum yake so ƙasa ta tsage ya shige. Bayan kunyar kuma wani abu ya biyo, wanda ya fi ta nauyi. Ta daɗe tana ganin girman Iya, amma sai yau ta san ba ta ga ko rabinsa ba.

"Ka sake mata huɗubar?"

"Ban sake ba. Na ɗauke ta da niyyar haka, bakina ya ƙi."

"To bar shi yadda yake."

Ya dube ta. "Wanne?"

"Ka san ba zan iya faɗa ba. Wanda ka raɗa mata tun farko."

"Iya ta hana."

"Don ni ta hana. Ni kuma na janye."

"Kofuna fa? Hawwa ta ce an riga an manna."

"Kofi ne yake yanka rago?"

Datti ya zauna a bakin gado. "Dariyar 'yan aji fa, Murja? Ke kika faɗa, kuma gaskiya kika faɗa."

"Za su yi. In sun gaji su saba." Ta dubi wajen katanga. "A gidan nan ba mai iya kiransa, ni da kai har mu mutu. Amma can dole su kira, kullum da safe. Tagar ajin nan ba ta da ƙyaure."

Ya dube ta ya yi murmushi. "In ta tashi faɗa ke za ki tsaya a gaba."

Ranar Talata tun da aka idar da sallar asuba maza suka cika ƙofar gida a kan tabarmi. Ga rago a ɗaure a gindin darbejiya, ga faranti na goro da dabino yana zagayawa. A cikin gida mata sun cika tsakar gida maƙil. Hawwa ta jera kofunanta a kan tire, kowanne da Aziza a jikinsa cikin jan rubutu da zanen fure. Iya tana gindin babbar tukunya, ta ɗaure ƙugu da gyale, tana juya shinkafar suna da muciya, don ta ce ba za ta bar yaran zamani su caɓe mata ita ba.

A waje Datti ya durƙusa kusa da liman, Malam Abdussalam, ya kai bakinsa kunnensa. Liman ya ɗan ɗaga gira, ya dube shi, ya gyaɗa kai yana murmushi. Aka yi salati, aka yi fatiha, aka shafa. Liman ya yafito Jaji maroƙi ya gaya masa. Shi kuwa Jaji Allah ya ba shi murya, in ya yi shela a nan ana ji a tsallaken kanal. Ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya juya ya fuskanci zauren gidan yadda mata za su ji.

"Jama'a, an raɗa suna! Allah ya raya, Allah ya yi albarka. Sunan yarinya…" Ya ja numfashi. "Furera!"

"Na'am," in ji Iya.

Da ƙarfi ta amsa, ta juyo da muciya a hannu tana neman mai kiran. Tsakar gidan ta yi tsit. Iya ta dubi zaure, ta dubi matan da suka zuba mata ido, sannan ta dubi ƙofar ɗakin mai jego, inda Murja take tsaye da jaririya a kafaɗa, kanta a sunkuye. Sai a lokacin ta gane. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Iya ta juya ga tukunyarta ta ci gaba da juyawa, tana cewa hayaƙin itacen nan ɗanye ne, ya cika shiga ido.

Sai da ta sauke tukunyar ta wanke hannu, sannan ta shiga ɗakin. Mata suna ta muhawara a kan alkunya, wannan ta ce Ummi, waccan ta ce Walida. Hawwa, wadda tun ɗazu ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta ɗaga kofi ɗaya ta ce ga alkunya nan an riga an biya kuɗin bugawa. Aka yi dariya, aka tsaya a kan Aziza.

"Wa ya sa ku?" in ji Iya.

Murja ta durƙusa. "Ni ce, Iya. Ku yafe mini."

"Me kika yi mini?"

Murja ta ƙara sunkuyar da kai. Iya ta kau da zancen.

"Za a yi mata dariya, 'yar nan."

"Za ta amsa, kamar yadda kuka amsa."

Iya ta zauna a bakin gado ta miƙa hannu, aka ba ta jaririyar. Wanzami bai zo ba tukuna, sumar tana nan baƙa wuluk. Ta daɗe tana kallonta.

"Su ce miki abin da suka ga dama," ta ce da ita. "Ni dai ba na jin kunyar kowa a gidan nan." Ta sunkuya. "Furera."

Jaririyar ta yamutsa fuska, ta yi miƙa, ta ci gaba da barcinta.

Daga bayan katanga aka kaɗa ƙararrawa. Hayaniyar yara ta lafa, muryar malama ta taso ta tagar nan mara ƙyaure. Nabila. Ilham. Yasmin.

"Saura shekara shida, Iya," in ji Murja a hankali.

"Shida?" Iya ta dubi hannuwanta da suka sha tururi, ta dubi yarinyar. "To. Sai in lallaɓa in kai."

Ta karkata kai wajen katangar, ta saurara har malama ta kai ƙarshen sunayen.